Tambaya da Amsa: Sarƙar lefena ta canza kala, zinaren ƙarya ne?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, ni amarya ce daga unguwar Birni a nan Damagaram. Wata bakwai da bikina, sarƙar da aka sako min a lefe aka ce ta Dubai ce, yanzu bayanta ya dushe wuyana har kore-kore yake yi in na yi zufa, zoben kuma ya yi fari ta ciki. Wallahi kunya ta hana ni tambayar maigida. An cuce mu ne?

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata. Toh ki kwantar da hankali tukuna, kar ki je ki ɗaure wa dangin miji fuska a kan zato.

Zinare tsantsa, wato karat 24, baya tsatsa baya baƙi, zufa da ruwa ba sa yi masa komai, shi ya sa sarakuna suka maƙale masa tun da can. Fuskar zinare ta Fir'auna Tutankhamun ta haura shekara 3000 amma da aka tono kabarinsa a 1922 zinaren ciki na ta ƙyalli abinsa, Mansa Musa na Mali kuwa da ya tafi hajji a 1324 ya yi ta rabonsa a Alƙahira har darajarsa ta faɗi. Matsalarsa laushi gare shi, lanƙwashewa yake, dole maƙera su gauraya shi da jan ƙarfe ko azurfa kafin ya yi ƙwarin da za a ƙera ɗan kunne ko awarwaro. Wannan gaurayen shi ke canza kala.

Ki ɗauko sarƙar ki duba wajen maƙullinta da kyau, in idonki bai gani ki haska da fitilar waya, akwai 'yar lamba. 916 karat 22 kenan, 875 karat 21, 750 kuma karat 18, wato kashi uku cikin huɗu ne zinare. Amma gaskiya kore a wuya aikin jan ƙarfe ne, kuma karat 21 na kirki da wuya ya yi haka a wata bakwai, na fi zargin ruwan zinare aka yi mata a sama ya fara gogewa. Lambar ma ana buga ta ƙarya, don haka ki kai wa maƙerin fari wanda kika yarda da shi, zai goga ta a baƙin dutse ya ɗiga asid a kan zanen, in zanen ya ɓace ba zinare ba ne, in ya tsaya cak toh alhamdulillah. Asid guda ɗaya baya cin zinare, sai an haɗa nitirik kashi 1 da haidirokulorik kashi 3, haɗin da ake ce wa aqua regia, shi ke narkar da shi ya koma ruwa rawaya.

Zoben ne ya fi damuna. Ƙanwata wane mai kike shafawa? Ba zarginki nake ba fa, amma wasu mayukan bilicin akwai zaiba a ciki, ita zaiba kama zinare take ta haɗe da shi ya yi fari kamar azurfa, da ita wasu masu haƙar zinare suke tsince shi daga ƙasa, su ƙona ta su shaƙi hayaƙin, guba ce mai taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa. In mai ne ki jefar da shi yau ɗin nan, kar kuma ki ƙona zoben a gida. Sannan ki riƙa cire shi in za ki taɓa ruwan jabel wajen wanki, yana cin gaurayen har zobe ya tsage.

In maƙeri ya ce sarƙar ta jabu ce, ki gaya wa maigida a ɗaki ku biyu, mai yiwuwa shi ma kuɗin na gaske ya biya, ya nemo takardar sayen ya koma wa mai shagon.