Bakin yaro ya tsuke bayan ƙuna, ya za a yi da haƙoransa?

Ƴar uwa sannu, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce man suya ya ƙona mai fuska, ciwon ya warke amma baki baya buɗewa sosai, buroshi baya shiga.

Tabon ƙuna haka yake, yana ta jan fata har shekara ɗaya ko fiye, shi ya sa kar ki jira. Ki kai shi babban asibitin Damagaram likita ya gani ya nuna miki yadda za ki riƙa miƙar da gefen bakin kullum, in ya tsuke da yawa sai tiyata.

Haƙori kuma ki sayi buroshin jarirai mai ɗan kai mai laushi, da man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa), safe da dare, ki shafa man kaɗe a leɓe tukuna kar ya tsage, balle lokacin hunturu. Alawa da shayi mai suga a rage, tunda abinci yana maƙalewa can ciki kuma in haƙori ya ruɓe ko likita sai ya sha wahala kafin ya kai gurin.

Kuma dan Allah kar a ɓoye shi a ɗaki saboda tsokanar yara, ki yi ma malaminsu magana.