Abin da ya sa dusasshiyar ta fi mai sheƙin tsada

Sani ɗana, abu biyu ka tambaye ni. Na farko, me ya sa cikin libarba biyun nan ƙirar Colt Navy ta 1851 na sa wa wadda ta dusashe ta koma ruwan ƙasa kuɗi fiye da mai sheƙin. Na biyu, ko zan yarda ka bi dusasshiyar da samfefa mai laushi da man goge ƙarfe don ita ma ta fito. Amsar na biyun gajera ce: kul, kada ka kuskura. Na farkon ne ke bukatar zama.

Mai sheƙin nan an sake mata rini. Shuɗin da ke jikinta ba na masana'antar Colt da ke Hartford ba ne, wani ne ya sa mata shi shekaru da yawa bayan ta fito. Kuma ba a rina ƙarfe sai an kankare shi, to kankarar ce ke tona asiri. Ɗauko ta ka bi bututun da ɗan yatsa. Bututun Navy gefe takwas ne, kuma a wadda ba a taɓa ba kowane kaifi yana nan tsaye, har ka ji yana kama fatar yatsanka. A mai sheƙin duk sun kwanta sun yi sulɓi. Sai ka duba rubutun da ke saman bututun da gilashin ƙara girma. Lokacin da aka buga haruffan, ƙarfen ya ɗan kumburo a gefensu. Wanda ya goge ya share wannan kumburin, haruffan suka yi siriri, wasu ma ƙafarsu ta ɓace. Dubi bakin ramukan sukurori, za ka ga sun lotsa. Mayafin injin gogewa ne ke faɗawa ciki ya ci gefen.

Af, kada sunan New York da ke cikin rubutun ya ruɗe ka. A Hartford ta jihar Connecticut aka ƙera su, amma adireshin New York Colt, mai kamfanin, ya buga wa mafi yawansu. Waɗanda aka yi a masana'antarsa ta Landan kuwa suna ɗauke da sunan Landan da tambarin gwajin Ingila.

Babbar asarar tana jikin gangar da ake ɗura albarushi. Colt ya sa an zana mata yaƙin jiragen ruwa na Campeche, wanda aka gwabza tsakanin jiragen Texas da na Meziko, har da kwanan wata, 16 ga Mayu 1843. Daga wannan zanen sunan Navy ya bi ta, ko da yake sojan ƙasa da farar hula suka fi riƙe ta. Zanen ba shi da zurfi ko kaɗan, shi ne abu na farko da ke tafiya. Juya gangar dusasshiyar a gefen haske, za ka ƙirga filafilan jiragen. A mai sheƙin babu komai, fili ne fetal. Masu tara waɗannan bindigogi abin da ya fito daga masana'anta suke saye, kuma da ma'auni suke zuwa: in fiye da kashi 80 cikin 100 na rinin asali yana nan, matsayi ne na sama, fiye da kashi 30, matsayi na biye, ƙasa da haka sai a koma kan kaifin gefuna da rubutu da zane. Wadda aka sake wa rini kuwa rinin asalinta sifiri ne, komai ƙyallinta. Wannan ruwan ƙasar da kake raina shekaru ne suka yi shi, ba kuma mai iya mayar da shi in ka kankare.

Abin da na yarda ka yi kaɗan ne. Da farko ka tabbata babu ɗuri a cikin gangar, domin akan tarar da irinsu da albarushi da dalma tun na kakanni, kuma tsohon albarushi yana tashi. Jar tsatsa mai ci ita ce abokiyar gaba: ɗigon mai, tsumma mai laushi, haƙuri. Katakon mariƙin kada mai ya taɓa shi, baƙi yake sa shi ya kuma ruɓar da shi. Kada ka sa sukundireban da bai cika bakin sukuru daidai ba, don kan sukurun da aka yage yana rage kuɗi.

Bayan jiki sai lamba. Colt na buga lambar bindiga a wurare da dama: ƙarƙashin bututu, jikin uwar (ƙarfen tsakiya da ganga ke zaune a kai), kariyar kunama, gindin mariƙi, ganga, sandar ɗuri, har da 'yar sakatar da ke riƙe bututun. A cikin kwarmin katakon ma akan sami ƙarshen lambar da tawada. Duk su zama ɗaya. Sakata ce ta fi ɓata, don haka in ita kaɗai ta saɓa, ragin ba mai yawa ba ne. Ganga ko bututu in suka saɓa, to bindigar haɗe-haɗe ce, kuɗin haɗe-haɗe za ka ba ta. Kuma kada daidaiton ya ishe ka, dubi ƙirar alƙaluman. Masu ha'inci na goge tsohuwar lamba su buga sabuwa, sai ka ga 7 ɗin nan ba ta yi kama da 7 ɗin can ba, ko wurin ya ɗan faɗa ciki.

Akwai inda saɓanin lamba ba aibi ba ne. Libarbar Colt ƙirar Single Action Army ta 1873 da sojan doki na Amurka suka riƙe bututunta inci 7 da rabi ne. Daga 1895 gwamnati ta tattara da yawa, ta rage bututun zuwa inci 5 da rabi, aka wargaza su aka sake haɗawa ba tare da kula da lamba ba. Su ake kira ƙirar Artillery. Gaurayen lambarsu aikin hukuma ne, kuma da masu nemansu. Amma wadda ta tsira da dogon bututunta da hatimin sufeto a katako, irin na Ainsworth ko Nettleton, ta fi su nesa ba kusa ba.

Jabu kuma ga su nan jingim. Tun 1959 kamfanin Uberti na Italiya ke ƙera kwafin Navy, daga baya Pietta da wasu suka shigo. Su ba su yi laifi ba, da sunansu da tambarin gwajin ƙasarsu suke sayarwa. Wani ne zai saya, ya share tambarin, ya jiƙa ta da ruwan batir ko ya binne ta, ya kawo maka a matsayin gadon kaka. Tsatsar dole ko'ina iri ɗaya take, har wuraren da hannu ba ya kaiwa, alhali tsufan gaskiya ya fi cin inda ake riƙewa da inda kube ke goga. Zaren sukurorin Italiya na awon mita ne. Leƙa cikin bututun kuma: layukan Colt na asali suna farawa kusan a miƙe, murɗinsu na ƙaruwa zuwa baki, na yawancin kwafin kuwa murɗi ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Inda za ka fi buɗe ido shi ne masu uwar tagulla da ake cewa na sojan Kudu ne a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Griswold da Gunnison na jihar Georgia, da suka yi wa sojan Kudu irinsu, ba su kai 4,000 suka ƙera ba, amma na Italiya masu uwar tagulla ba su ƙirguwa. Ni duk wadda aka kawo min jabu nake ɗaukarta har sai ta wanke kanta.

Kada kuma ka ce da tsohuwar zuma ake magani. Tsufa kaɗai ba ya kawo kuɗi a wannan sana'a. Ƙaramar Colt ta aljihu ta 1849 ta girmi Single Action Army da shekara 24, amma an ƙera fiye da 300,000, ko'ina ana samunta. Colt ƙirar Walker ta 1847 kuwa 1,100 kacal aka yi, 1,000 na soja, 100 na farar hula, ga yaƙin Meziko ya ci wasu, ga gangar wasu ta fashe. Shi ya sa wata da ta tsira cikin akwatinta na asali ta kai dala miliyan 1.84 a gwanjon Rock Island a 2018.

Saura labari. Kusan kowane mai kawo kaya da nasa: ta wani janar ce, ta wani ɗan fashi ce. Ka saurara da ladabi, kada ka ƙara ko sisi a kai. A 2021 gidan gwanjon Bonhams ya sayar da Colt ɗin da jami'in doka Pat Garrett ya harbe ƙasurgumin ɗan ta'adda Billy the Kid da ita a 1881 kan dala miliyan 6 da ɗoriya. A ƙarfe ba ta fi dubban 'yan'uwanta ba, takardun da suka bi ta hannu zuwa hannu da lambarta a rubuce aka biya. Kamfanin Colt na ba da wasiƙa daga kundinsa in ka aika lamba ka biya: ranar da bindigar ta fita, dilan da aka aika wa, tsawon bututu, irin rini da mariƙi. Ga Single Action Army wannan wasiƙa ta zama kamar dole, don da ita za ka gane ko an canza bututu ko an ƙara ado daga baya. Ga Navy ta farko-farko kada ka sa rai sosai, gobarar Fabrairun 1864 ta cinye babban ɓangaren masana'antar, kuma bayanan shekarun nan ba su cika ba. A irin wannan sai ka auna lambar da jadawalin shekarun ƙira, ka rubuta wa mai kaya shekarar da abin da idonka ya gani, labarin kakansa kuma ka sa shi a layi daban da sunan wanda ya faɗa.