Amsa ga uwar da yaronta ke ihu da birgima ya kasa faɗin damuwarsa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki kan yaronki ɗan shekara 4, kin ce in ransa ya ɓaci sai ihu da birgima, yana toshe kunne in hayaniya ta yi yawa, in kin ce me aka yi maka sai ya ƙara ƙarfin kukan. Na daɗe ina koyar da 'yan nazire kuma nima uwa ce, toh ga abin da na gani.

Yaro a jikinsa yake fara jin fushi ko tsoro tun bai san sunansu ba. Gaba na faɗuwa, ciki ya ƙulle, tafin hannu ya jiƙe da gumi, maƙogwaro ya riƙe, shi dai ya san wani abu ya taso masa amma ba shi da bakin faɗa. Ga shi ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki, ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 25, kinga ɗan shekara 4 ai yanzu ma ya ɗauko hanya. Shi ya sa tambaya a tsakiyar kuka ba ta shiga kunnensa sam.

Ni a aji jikin nake fara lallashi kafin in yi magana. Wani yaron runguma mai ƙarfi ke saukar da shi, ki matse shi a jikinki ki yi shiru kawai, wani kuwa ko taɓa shi kika yi abin ƙaruwa zai yi, shi sai dai a janye shi inda babu hayaniya a rage haske. Akwai wanda in kin ba shi roba da ruwa yana zubawa yana juyewa, ko yashi, ko laka yana murzawa, ba a jimawa zaki ga kafaɗunsa sun sauka. Lilo ma yana aiki sosai, don can cikin kunne akwai sashen da ke jin motsi da daidaituwar jiki, dalilin da ya sa jijjiga ke kwantar da jariri kenan. Wata ƙwararriya 'yar Amurka, Jean Ayres, ta yi shekaru tana aiki da yara a kan yadda ƙwaƙwalwa ke tsara abin da ido da kunne da fata ke kawo mata, har ta fitar da littafi a 1972, kuma ta nuna ba duk yara ke ɗaukar ƙara ko taɓi daidai da juna ba. Ƙarar da ke ba ki ma ji ba, wani yaron ji yake kamar ana huda masa kunne.

Sai ya lafa sannan ki ɗora hannunsa a ƙirjinsa ki ce ji yadda yake bugawa, tsoro ne ka ji da aka yi ƙarar nan. Ko ki ce ga hannunka ka dunƙule, fuskarka ta yi zafi, wannan fushi ne. A nan aikin yake wallahi, haɗa abin da jiki ya ji da sunansa. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar manya, suka ga in mutum ya ambaci sunan yanayin da ya gani a fuska, sashen da ke tada tsoro yana raguwar aiki. A kan manya aka yi, amma ina ganin irinsa a yara, ranar da yaro ya iya cewa Anti raina ya ɓaci, cizo da jifa suna ja baya.

Kar ki jira sai rikici ya tashi. In ya dawo daga guje-guje ki sa shi ya taɓa ƙirjinsa, bayan ya huta ya sake taɓawa. Ki ba shi kumfar sabulu ya riƙa hurawa a hankali, doguwar fitar da numfashi tana rage bugun zuciya. Ki kuma lura da yunwa da barci da matsuwar fitsari, da yawa yara ba sa bambance su da ɓacin rai.

Don Allah a bar dukan yaro, yaron da ke jin jikinsa ya yi masa yawa ƙara masa ake yi. In kuma kin ga bayan toshe kunnen maganarsa ta yi jinkiri, ko in an kira sunansa ba ya waiwayowa, ki kai shi wajen likitan yara a duba shi, a gwada jinsa ma. Allah ya raya miki shi.