Tambaya da Amsa: Zan iya cire tsatsar Fijo da yashin kogi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Fijo 504, haɗin Kaduna, wadda nake son in tayar. Tsatsa ta kama wili huɗu da ƙafafun gaba, kafireta kuma ta yi baƙi ƙirin. Na sayi bindigar feshin yashi ta cire tsatsa, ina da kwamfuresa mai tankin lita 50. Zan iya tankaɗe yashin kogi in yi aikin a gida? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, aikin yana yiwuwa a gida, amma don Allah ka bar maganar yashin kogi. Da zarar ƙwayar yashi ta bugi ƙarfe sai ta farfashe ta zama ƙurar silika mai laushin da ido ba ya gani. Ita ce ke shigewa can cikin huhu ta zauna, ta jawo cutar silikosis wadda ba ta warkewa. Tun 1949 Ingila ta hana feshin ƙarfe da yashi saboda wannan. Rawani ko takunkumin yadi ba ya tare ta, kuma duk wanda ke gidan, har yara, zai shaƙa.

Ga wili da ƙafafu, nemi garin almuniyam oksaid mai lambar girman ƙwaya 60 zuwa 80, ko niƙaƙƙen gilashi. Suna yankar tsatsa, suna barin ɗan kaushi da fenti zai kama. Matsin iska ya kasance PSI 80 zuwa 90 (PSI shi ne ma'aunin matsin iska). Kafireta kuwa ƙarfenta mai laushi ne, bekin soda za ka fesa mata a PSI 30 zuwa 40, domin ruwa yana narkar da ita, ba ta maƙalewa a cikin ƙananan ramukan fetur. Sai dai ba ta iya cin tsatsa mai kauri.

Kwamfuresarka ita za ta gwada haƙurinka. Girman tanki ba shi ne abin dubawa ba, yawan iskar da take turowa a minti shi ne. Bakin bindiga mai faɗin milimita 3 yana shan kimanin CFM 20 (ma'aunin yawan iska a minti), irin taka kuwa da wuya ta wuce 6 ko 7. Za ka ga ka fesa na ɗan lokaci kaɗan matsin ya faɗi. Ka sa bakin da ya fi ƙanƙanta, ka riƙa tsayawa tana cika, kada ka ƙona ta. Wili ɗaya zai iya cin awa guda ko fiye.

Sai ruwa. Iskar da aka matse tana tara gumi, musamman da damina. Idan ya kai ga garin sai ya dunƙule, bindiga ta riƙa tofi tana toshewa. Ɗaura matarar ruwa kusa da bindiga, ka kwance noti na ƙasan tanki ka zubar da ruwan kafin farawa.

Kafin feshi, wanke giris da baƙin mai da kananzir da buroshi, a bi da ruwan omo, a bari ya bushe sarai. Gari ba ya cin giris, mannewa kawai yake yi. Cire boris da roba da sil, ka toshe ramukan noti. Riƙe bindiga a karkace, tazarar santimita 15 zuwa 20, hannu yana tafiya kullum. Ƙaramin kaya a yi shi cikin akwati rufaffe mai gilashi. Sa abin rufe hanci mai matatar P100 ko P3, da gilashin ido da safar hannu mai kauri, domin tsohon fenti ma yana iya ƙunsar dalma.

Kada ka kusanci cikin silinda, ko karanshaf, ko duk inda man inji ke bi. Ƙwaya kaɗan da ta ɓuya a can ta isa ta cinye metal, wato shimfiɗar da karanshaf ke juyawa a kai, bayan an haɗa inji. Bodi ma ka bar shi: ƙarfen ƙofa da bonet siriri ne, bugun gari yana miƙar da shi ya lotsa, fanalbita ya sha wahala.

Da ka gama, ƙarfen zai fito toka-toka, tsirara. Kada ka taɓa shi da hannu, gumin yatsa kaɗai zai bar shatar tsatsa. Hure shi da busasshiyar iska, goge da tina, ka fesa firaimar ifoksi, wato fentin shimfiɗa mai hana tsatsa, a ranar, kafin raɓar dare ta sauka.