Tambaya da Amsa: An tashe mu daga gidan haya a Bronx, makaranta kuma ta ce sai na kawo shaidar adireshi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni 'yar Zangon Kumasi ce amma shekara tara kenan muna zaune a yankin Bronx na birnin Niyok a Amurka ni da maigidana da yaranmu. Maigidan tasi yake ja, to sai ya yi hatsari ya kwanta kusan wata biyar ba aiki, kuɗin haya ya taru mana har mai gidan ya kai mu kotu, ƙarshe dai aka tashe mu. Yanzu muna raɓe wurin yayata a Brooklyn, wani yankin na birnin, ɗaki biyu ne ita da mijinta da yaranta huɗu, mu a falo muke shimfiɗa da daddare da asuba mu naɗe. Na je wata makaranta kusa da gidan don in sa ƙaramar tawa, shekararta shida, matar da ke ofis ta ce sai na kawo takardar haya ko bil ɗin wuta mai sunana da katin rigakafin yarinyar, ni kuma wallahi bansan ma buhun da katin yake ciki ba tun ranar da muka kwashe kaya. Babban yana aji 8, ya ce shi ba zai bar tsohuwar makarantarsa ba, amma wata ƙawata ta ce in suka gane mun tashi korarsa za su yi, kuma in na kuskura na ce ba mu da gida hukuma za ta zo ta ƙwace min yaran. Yau sati uku suna zaune a gida. Kuma gaskiya Anti ni bana son a rubuta mu cikin marasa gida, ai ba a titi muke kwana ba, gidan 'yar'uwata ne. Don Allah ki ban shawara. Daga Maman yara biyu, Brooklyn.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba maigidanki lafiya, ya sa kaffara ne, ya kuma saka wa yayarki da alheri, don wanda ya buɗe maka ƙofa a birnin Niyok inda kowa ke lissafin taku ya yi maka babban abu.

Ki fara da wannan: gobe da safe yaran nan su koma makaranta. Ba sai kin nemo katin rigakafi ba, ba sai kin kawo bil ɗin wuta ba. Matar ofis ɗin nan ba daidai ta faɗa miki ba, ko dai ba ta san halin da kike ciki ba ko kuma ba ta san dokar ba, kuma ina zargin ke ma ba ki faɗa mata gaskiyar yadda kuke zaune ba saboda kunya.

Akwai wata doka ta gwamnatin tarayyar Amurka da ake kira McKinney-Vento, Shugaba Reagan ne ya sa mata hannu a 1987, sunan 'yan majalisa biyu ne aka haɗa, Stewart McKinney na jihar Connecticut da Bruce Vento na Minnesota, an kuma ƙara mata ƙarfi a 2015 lokacin Obama. Ki riƙe sunan nan ko ki rubuta shi a wayarki, saboda da zarar kin ambace shi a ofishin makaranta za ki ga magana ta canza salo. Abin da dokar ta ce shi ne duk yaron da ba shi da tsayayyen wurin kwana da ya wadatar, makarantar gwamnati dole ta karɓe shi nan take, ko da babu takardar haihuwa, babu shaidar adireshi, babu katin rigakafi, babu rifot ɗin tsohuwar makaranta. Nan take ɗin kuma ba wai a rubuta suna a ce ku jira kira ba, a'a, yaro ya shiga aji ya zauna ya fara karatu. Takardun daga baya ake nema, kuma makarantar ce za ta tuntuɓi tsohuwar makaranta ta karɓo su, in rigakafi ne ya rage su za su nuna miki asibitin da za ki je.

Yanzu maganar da ta fi damuna a wasiƙarki, wato cewa ba kya son a rubuta ku cikin marasa gida. Na fahimce ki sarai. Mu a wurinmu wanda ke da 'yan'uwa ba a ce masa mara gida, in ruwa ya ci ɗakinka ka koma gidan yayanka ko gidan kawunka, babu mai ɗaga ido ya kalle ka, zumunci kenan, kuma kalmar tasu ta Turanci da an faɗe ta abin da ke zuwa mana a rai shi ne mutumin da ke kwance kan kwali a tashar jirgin ƙasa. Amma dokar ba haka ta fassara ta ba. A rubuce yake cewa iyalin da suka raɓa da wasu saboda sun rasa gidansu ko saboda matsin tattalin arziki suna ciki, daidai da masu zama a shelta (masaukin wucin gadi na marasa gida) ko otal ko masu kwana cikin mota. Hasali ma irinku ne suka fi yawa. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 makarantun Amurka sun ƙirga yara sama da miliyan 1.3 da ke cikin wannan hali, kusan kashi uku cikin huɗu kuwa raɓe suke a gidan wani. A birnin Niyok kaɗai, a shekarar 2023 zuwa 2024, yara sama da 146,000 ne, wato kusan ɗaya cikin kowane takwas, kuma fiye da rabinsu zaman raɓe suke yi kamar ku. Kinga ke nan ko ajin ɗanki kika leƙa da wuya a rasa wani da ke kwana a falon gwaggonsa, shiru kawai kowa ya yi.

Wannan rubutun da kike gudu ba tambari ba ne da za a manna wa yaro a goshi. Wani fom ne na tambayar inda ɗalibi ke zaune, kowane iyaye ake ba, ki zaɓi layin da ya ce kuna zaune da wani iyali saboda rasa gida. Bayanin yana cikin sirrin fayil ɗin yaro, doka ta hana makaranta ta raba shi ga mai gidan haya ko wasu iyaye, kuma an hana ware irin waɗannan yara a wani aji ko wata makaranta daban. Ni dai a ganina kunyar da za ta hana yaro karatu sati uku ta wuce kunya ta zama cutarwa, kuma ba ke kaɗai ba ce, matanmu da yawa sun gwammace su ari adireshin wata ƙawa su yi ƙarya, alhali gaskiyar ce ma ta fi ba su kariya.

Batun babban kuwa, ƙawarki ta juya maganar ne. Yana da haƙƙin ci gaba da zama a makarantarsa ta asali duk tsawon lokacin da kuke cikin wannan hali, har zuwa ƙarshen shekarar karatun da kuka samu gidan kanku, kuma dokar jihar Niyok ta ƙara shekara guda in ita ce shekararsa ta ƙarshe a wannan makarantar. Dokar tana ɗauka tun farko cewa barinsa inda ya saba shi ya fi masa alheri, sai in ku iyaye ne kuka ga akasin haka. Dalilin a fili yake, yaron da ya rasa ɗakinsa da unguwarsu in aka ƙara raba shi da malamansa da abokansa a tsakiyar shekara, me ya rage masa? Balle aji 8 da ake shirin neman gurbin babbar sakandare. Kuɗin mota ma ba naki ba ne, hukumar makarantu ce za ta ɗauki nauyin zuwansa da dawowarsa in kin nema, a shekarunsa katin bas da jirgin ƙasa za su ba shi. Daga Brooklyn zuwa Bronx tafiya ce, zai iya cin awa ɗaya da wani abu, to ku zauna da shi ku duba ko zai jure sammakon, musamman lokacin sanyi. Ita ƙaramar ke ce za ki zaɓa, ko ta koma tsohuwar makarantarta ko ta shiga ta kusa da gidan yayarki, in tsohuwar kika zaɓa ki tambayi bas ko katin da ake ba uwa don ta raka ƙaramin yaro.

Wanda za ki nema shi ne jami'in da doka ta wajabta wa kowace gundumar makarantu ta naɗa don irin waɗannan yara, da Turanci liaison suke ce masa, a birnin Niyok kowace makaranta ma tana da nata, ƙarƙashin sashen kula da ɗalibai masu zaman wucin gadi da suke kira STH. Ki je ki ce shi kike son gani. In Turancin zai ba ki wahala ki ce a nemo miki tafinta, kyauta ne, kar ki sa ɗanki ya yi miki tafinta a irin wannan magana, nauyi ne a kan yaro. Ki gaya masa abin da yaran ke buƙata ba tare da noƙewa ba, yunifom, jaka, littattafai, rigar sanyi, akwai kason kuɗi da ake warewa musamman don wannan. Abinci dama kyauta ne ga kowane ɗalibi a makarantun birnin.

In kuma suka ƙi, kar ki yi faɗa kar kuma ki juyo gida kina kuka. Ki ce su ba ki dalilinsu a rubuce, wajibi ne a kansu, tare da bayanin yadda za ki ɗaukaka ƙara, kuma duk tsawon lokacin da ake wannan jayayya yaron yana cikin makarantar da kika nema yana karatunsa. Ki riƙa rubuta ranar da kika je da wanda kika gani. Kina iya kiran 311, lambar neman bayani da taimako ta hukumar birnin, akwai kuma ƙungiyar Advocates for Children of New York da ke taimaka wa iyaye a irin wannan ba tare da karɓar kuɗi ba.

Tsoron ƙwace yara kuma, rashin gida shi kaɗai ba laifi ba ne kuma ba sakaci ba ne a idon doka. Abin da ke jawo wa iyaye bincike shi ne yaro ya daɗe ba ya zuwa makaranta ba tare da dalili ba, wato ainihin abin da shawarar ƙawarki ta jefa ki ciki. Shi ya sa na ce gobe, ba jibi ba. Ba ki yi maganar takardun zama ba, amma saboda masu karatu, tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Plyler da Doe cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin takardunsa ko na iyayensa.

TAMBAYA: Salam Anti. Shekarata 17, ina ajin ƙarshe na sakandare a Columbus jihar Ohio. Iyayena suna Nijar, wurin kawuna nake, mun samu saɓani ya ce in bar masa gida, yanzu yau ina wurin wannan aboki gobe wurin wancan. Ina son shiga jami'a amma fom ɗin tallafin karatu yana neman bayanin kuɗin iyaye. Shikenan na rasa? Daga wani ɗanki.

AMSA: Ba ka rasa ba ɗana, Allah ya daidaita tsakaninka da kawunka. Wannan dokar dai ta McKinney-Vento ta san da irinka, matashin da ba shi da tsayayyen wurin kwana kuma ba ya hannun uba ko uwa ko mariƙi. Makarantarka ba za ta sallame ka don babu babban da zai sa hannu ba, kuma kana da haƙƙin mota da abincin makaranta kyauta. Ka je wurin mai ba ɗalibai shawara ka ce ya haɗa ka da liaison na gundumarku, shi zai rubuta takardar da ke tabbatar da halinka, da ita za ka cike FAFSA, wato fom ɗin tallafin karatun na gwamnatin tarayya, a matsayin mai zaman kansa ba sai da bayanin kuɗin iyaye ba, in dai kai ɗan ƙasa ne ko kana da irin takardar zama da ake karɓa, kamar girin kad. Ka karɓi takardar kafin ka gama makaranta, ka ajiye kwafi a wayarka. Ka kuma samu limamin masallacinku ko wani dattijo da kawun naka ke jin nauyinsa ya shiga tsakani, ko ba ka koma gidan ba a samu ya miƙo maka fasfo ɗinka da sauran takardunka da ke hannunsa.