Cinikin ƙarshen Yuli a wasan besbol: wa ya ci riba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na fara bin gasar besbol ta Amurka, wato MLB. Da ƙarshen Yuli ya zo, sai na ga magoya baya sun kaure da gardama kan ƙungiyar da ta ci riba da wadda aka cuta a cinikin 'yan wasa. Irin kasuwar 'yan ƙwallon ƙafa ce ta Turai? Da wane mudu ake auna ribar?

Mai karatu daga Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba irinta ba ce. A ƙwallon ƙafa kuɗi ake zubewa a ɗauki ɗan wasa. A MLB galibi musaya ake yi, ɗan wasa da ɗan wasa, kwantiragi da albashi su bi mai su zuwa sabon gida. Ƙungiyoyi 30 ne, kowace da wasa 162 a kaka, 12 ne ke haurawa zagayen fitar da gwani. Ana rufe cinikin a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, an ci kusan kashi biyu cikin uku na kakar. Da can akwai ƙofar baya a watan Agusta, amma tun 2019 aka toshe ta. Ƙungiyar da ta cire rai sai ta saki tsofaffin hannu ta karɓi matasan da ake raino a ƙananan ƙungiyoyi, mai hangen kofi kuma ta ba da matasanta.

Kafin ka dubi sunan ɗan wasa, dubi abin da ya rage a kwantiraginsa. Wanda zai ƙare a ƙarshen kakar, hayarsa aka ɗauka, ba sayensa ba. Saura wasa hamsin da 'yan kai, kuma mai jifa na buɗe wasa, wato wanda ke fara jefa wa masu bugu ƙwallo, sau ɗaya yake fitowa cikin wasa biyar. Ka ga fitowa goma ko goma sha ɗaya aka biya da yaron da zai iya yi wa ƙungiya shekara shida.

A 2016 Chicago Cubs ta ɗauki hayar Aroldis Chapman daga New York Yankees, mai jifa na rufe wasa wanda ƙwallonsa ke wuce mil 100 a awa. Ta ba da mutum huɗu, har da Gleyber Torres, ɗan shekara 19. A wasa na bakwai na World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofi, ƙwallon Chapman ce Rajai Davis na Cleveland ya doka ta tsallake katanga aka yi kunnen doki. Cubs ta ƙwaci kanta da 8 da 7, ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1908. Chapman ya koma Yankees da dala miliyan 86, Torres kuma ya zama tauraro a can. A takarda Yankees ta ci biyu. Amma ƙungiyar da ke kan gaba, gurbi guda ya rage mata, ta shekara 108 tana jira, ba a ce ta yi wauta.

Mu dai cinikin Atlanta Braves na 2021 ya fi burge mu. Tauraronta Ronald Acuña Jr. ya ji rauni a gwiwa a watan Yuli, asarar ƙungiyar ta fi nasararta yawa. Maimakon babban suna guda, sai ta tsinto 'yan bayan fili huɗu da araha: Joc Pederson, Adam Duvall, Eddie Rosario da Jorge Soler. Rosario na jinya aka kawo shi. Soler kuwa a Kansas City ko dacewa biyu ba ya samu cikin bugu goma. Rosario ya zama gwarzon zagayen kusa da na ƙarshe, Soler gwarzon World Series, Braves ta ɗauki kofin. Da biyu daga cikinsu sun gaza, da ba a yi asarar komai ba, don ba a ba da wani yaro mai tsada ba.

Inda ake tafka kuskure shi ne ƙungiya ta yi wa kanta ƙarya game da matsayinta. A 2023 Los Angeles Angels ba ta cikin sahun masu wucewa, ga kwantiragin tauraronta Shohei Ohtani na ƙarewa. Ta ƙi sakin sa, ta ba da matasa ta ɗauko mai jifa Lucas Giolito. Agusta na kamawa ta sha kashi bakwai a jere. Kafin watan ya mutu ta saki Giolito bayan fitowa shida kacal, a Disamba kuma Ohtani ya tafi Los Angeles Dodgers da dala miliyan 700.

Tambaya: To, cinikin Juan Soto na 2022 fa, Malam, wa ya ci?

Amsa: Wannan ba haya ba ce, saura kaka biyu da rabi a hannunsa, shi ya sa ya yi tsada. San Diego Padres ta ba Washington Nationals mutum shida, cikinsu CJ Abrams, MacKenzie Gore da James Wood, ta karɓi Soto da Josh Bell. Padres ta kai zagayen kusa da na ƙarshe, Philadelphia ta tare ta, a 2023 ko fitar da gwani ba ta kai ba, a Disamba ta miƙa Soto ga Yankees. Waɗannan matasa uku duk an zaɓe su wasan taurari daga baya. A wurinmu Washington ce ke gaba, sai dai har zuwa ƙarshen kakar 2025 ba ta ga amfanin a teburin gasa ba.