Uwargidana Ta Hana Ni Sakat A Kan Gwajin Furostet

Assalamu alaikum Hajiya. Ni magidanci ne mai shekara 52, lafiyata ƙalau, kullum ina fita kasuwa, ban taɓa kwanciya a asibiti ba. Amma tun ranar da uwargidana ta ji likita a rediyo yana bayanin ciwon dajin furostet, wato wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ba ni da sauran sukuni. Da safe gwaji, da dare gwaji, har ta kai ƙarata wurin babbar 'yarmu, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai, a ce 'yar cikina ce take yi mini zancen fitsarina. Na ce lafiyata ƙalau, fitsari ba ya yi mini gardama, me zan je nema? Na san wanda aka yi wa aiki ya dawo ba ya iya riƙe fitsari, an ce har kusantar iyali ta gagare shi. Ita kuwa kullum sai ta jawo zancen marigayi Yayana, alhali kwanansa ne ya ƙare. Don Allah ki ja mata kunne.

Wa alaikumus salam Malam. Ba na son shiga tsakaninka da iyalinka, kuma tsoronka yana da tushe: aikin cire furostet yakan bar wasu maza da yoyon fitsari ko raunin mazakuta, kuma gwajin jinin da ake kira PSA yakan hau saboda kumburi kawai, ba tare da ciwon daji ba.

To amma zancen Yayanka da ka wuce da sauri, a nan na tsaya. Allah Ya jiƙansa. Idan wannan ciwo ne ajalinsa, haɗarinka ya kai kusan ninki biyu na sauran maza, ga shi dama ya fi kama baƙar fata. Irinku likitoci suke ba wa shawarar fara zancen gwaji tun daga shekara 45. Lafiyar fitsarin da kake taƙama da ita ba hujja ba ce, domin a farkonsa ciwon ba ya nuna alama, wasu ma sai ya kai ga ƙashin baya suke sani.

Ku maza masu karatu, a gwajin PSA jini ake ɗiba a hannu, kuma ba kowa ake yi wa aiki ba, domin wani ciwon a hankali yake girma, sa ido kawai likita zai riƙa yi.

Uwargida ta yi kuskure da ta sa 'yarku a ciki, amma ba zan ja mata kunne ba. Ka tambayi iyalan Yayanka sunan ciwon da likitoci suka faɗa, ka kai wa likitan mafitsara wannan bayani, sannan ka yanke shawara.